Ƙashin da Ba Ya Kuka

Ƙarfe biyun dare, asibitin Garwa,
ni da na'ura, babu na uku.
A fuskar gilashi cinya ta karye gida biyu,
cinyar da ba ta da mai ita:
babu jini, babu uwa a bakin ƙofa.

Na auna, na huda.
Ta ce: ka zarce da milimita huɗu. Sake.
Na sake. Ƙusa ta karkace. Sake.

Sau talatin da ɗaya na gurgunta mutumin nan,
sau talatin da ɗaya ya tashi bai riƙe ni ba.
Malamar nan ba ta tsaki,
ba ta tafiya taro Yawunde
ta bar ni da tambaya a baki.
Sai dai in wutar Lagdo ta ɗauke
mu zauna cikin duhu kamar masu zaman makoki.

Kakana Garga, mai ɗori a Pitowa,
bai san milimita ba.
Kara, tsumma, man shanu, tofi.
Babban yatsansa na gane karaya
yadda makaho ke gane kuɗinsa.
Da yawa sun miƙe sun koma gona.
Sauran ba a zancensu a gidanmu,
amma ina ganinsu ran kasuwa,
ƙafa ɗaya na bin ɗaya bashi.

Da hantsi aka kawo Hamajoda,
babur ya kayar da shi kan gadar Binuwai.
Dokta Jaratu ta dube ni ta saman kyallen hanci:
yau kai ne.

Na'ura ba ta gaya mini ƙafa na da nauyi haka ba,
ko cewa kafin allura ta ɗauke shi
zai kama wuyan hannuna ya ce,
likita, babur ɗin ba nawa ba ne.

Yatsana ya riga hoto samun wurin,
wannan na Garga ne.
Hannuna ya tsaya daidai inda aka sha tsayar da shi,
milimita huɗu kafin kuskure.
Babu wanda ya ce sake.

Da daddare na koma.
Ta ce: darasi na sha biyu, gwiwa.
Ba ta tambayi Hamajoda ba.
Ni dai na gaya mata ya motsa yatsunsa,
sannan na ja kujera.