Mabuɗin Cocin Valdeniebla

Mabuɗin ya fi tafin hannuna tsawo.
Uwata a bayan ƙofa take rataye shi,
kusa da damin tafarnuwa.
Ni ma ban sauya masa ƙusa ba.

Mu tara muka rage a Valdeniebla.
Goma, in za a ƙirga jakin Fermín,
don shi kaɗai ke amsa ƙararrawa a kan kari.

Daga kan hasumiya ina hango su duka:
Robledino, masu cuku mai hawa ka,
Las Majadas, inda hayaƙi ɗaya tak ke tashi,
sai Peñalobo can gindin dutse,
da ta yi gum tun ranar da Eulalia ta bi ɗanta birni.
Dā kowace na da turbarta zuwa nan,
ta rakiyar amarya, ta ɗaukar makara.
Yanzu ƙaya ta cinye biyu.

Shekara ɗari takwas, in ji masu tabarau
da ke zuwa da bazara suna auna bango.
Ni dai abin da na sani,
magini ya sassaƙa mutane a ƙarƙashin indararo:
wani na busa ƙaho, wani ya rungume tulun giya,
wata mata ta dafe kunci
kamar haƙori ya hana ta barci.
Tun ina yaro nake jiran ta samu sauƙi.

Fada Anselmo na da coci goma sha ɗaya da tsohuwar mota.
Rabonmu Lahadi guda a wata,
in dusar ƙanƙara ta ba da hanya.
Sauran ranakun shamuwa ke wa'azi daga sheƙarta,
ba ta kuma damu da wanda ya makara ba.

Kaskon baftisma ya shekara ashirin da shida a bushe.
Na ƙarshen da ya jiƙa kai a ciki
yana can Jamus yana jan tirela.
Duk da haka ran Asabar nakan goge shi.
Wanda ya daina share zaure
ya riga ya sallami baƙo.

Jiya wata yarinya ta ƙwanƙwasa mini,
cikinta ya tsufa, mijinta mai kiwon zuma.
Su ne suka sayi kangon maƙeri.
Ta ce ko za ta iya leƙawa.
Na ɗora mata mabuɗin a hannu.
Ta ce, kai, da nauyi!
Na ce, murɗa hagu, sannan ki sa kafaɗa,
ƙofar nan ba ta jin lallashi.