Mai Awon Auduga

Ubangiji, tun kafin zakara ya yi cara ta biyu na farka,
ƙafafuna ba su huce gajiyar jiya ba.
Yau ma ranar awo ce a Gidar.
Auduga ta taru fari fat a bakin hanyar Garwa,
kamar gajimare ya gaji da sama ya sauko ya zauna.

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye bayan sikelin nan,
na san shi kamar yunwar cikina.
Na san inda ake ɗora babban yatsa
a ci kilo uku mai kaya na kallo,
na san yadda bakwai ke komawa ɗaya a takarda.

Tumba, abokin aikina, ya yi gida mai shuɗin kwano,
ya sayi babur biyu, ɗaya na haya.
Ranar Lahadi benci ɗaya muke zama a majami'a,
muryarsa ma ta fi tawa daɗi.
Ya ce, "Dawai, kogi na bi ta ƙofar gidanka,
kana wanka da ludayi.
Kowa na yi. Allah ma ya san albashinmu."
Na yi dariya, amma daren nan ban runtsa ba,
ina lissafin kuɗin makarantar Maipa,
ina ƙirga taurari ta hudar rufin ɗakina.

Ba zan ɓoye maka ba, kai mai ganin ƙasan zuciya:
sau ɗaya na yi.
Wata tsohuwa ce daga bayan duwatsu,
ɗanta ya tafi kudu bai waiwayo ba.
Ƙunshi huɗu ta kawo a kan jakin aro.
Yatsana ya taɓa ƙarfe. Kilo biyu.
Ta karɓi takardarta da hannu bibbiyu,
ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Albarkar nan ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi, kwana tara.
Na buɗe Littafi, baƙaƙen suka ƙi kallona.
A na goma na taka da ƙafa har ƙauyensu,
na ajiye sefa a gefen tabarmarta.
Ba ta gane ba. Ta ba ni ruwa a ƙwarya,
ta cika mini aljihu da gyaɗa.
A hanyar dawowa na zauna kan wani dutse
na yi kuka irin na yaron da ya ɓata
sannan ya hango hayaƙin gidansu.

Can na gane ba tsoron wuta ke riƙe da ni ba,
ba kuma tsoron babban akawu ba, shi ma yana da nasa kaso.
Kai nake so, Yesu.
Kwana tara ba muryarka ya fi mini rani tsawo.
Kai da ba ka auna mini alheri da sikeli ba,
ka zuba, ka danna, ka ƙara,
har ya malala daga kan gicciye.
Da wane ido zan rage wa gwauruwa kilo biyu?

Ba na cewa na fi Tumba.
Yatsa iri ɗaya ka ba mu,
nawa ma yakan yi ƙaiƙayi idan wata ya yi nisa.
Ka tuna da shi, ka tuna da ni.

Ga ƙarar babbar mota ta iso,
mata sun fara sauke ƙunshi,
Maipa na neman takalminta ɗaya a tsakar gida.
Zan fita.
Rufin ɗakina zai jira wata kakar.
Kai dai ka tsaya kusa da ni a bakin sikeli,
idan hannuna ya soma karkata,
ka kira ni da sunana, a hankali, zan ji.