Hawan Thabana Ntlenyana

Zakara bai yi cara ba muka bar Mokhotlong,
ni da Lineo,
ƙanƙara na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin takalma.
Gudu ya koma sassarfa,
sassarfa ta koma rarrafe,
ƙirjina tsohon zugazugi mai huda.

A rabin hanya wani yaro makiyayi,
lulluɓe da bargo, takalmin roba a ƙafa,
ya wuce mu yana fito.
Tunkiyarsa yake nema.
Lineo ta dafa gwiwa, ta yi dariya har da tari.

A ƙololuwa ba abin kallo,
gajimare ya haɗiye Lesotho ɗungurungum.
Sai tarin duwatsu, sai iska,
sai yaron a zaune, tunkiya a cinya,
yana miƙo mana
gutsuren tuwon masara mai sanyi.