Riƙon da Ido Ba Ya Gani

A rumfar babana, bayan Tsohuwar Kasuwa,
kwalabe ne jere a kan katako:
turare a sama, zuma a ƙasa,
man gyaɗa can gefe, inda rana ba ta leƙawa.

Azahar ce ta watan Afrilu,
kwalta har ta yi laushi tana kama takalmi.
Na dawo daga makaranta da alli a hannun riga.
"Mi kunka koyo yau?" in ji shi,
yana goge bakin kwalba da tsumma.

Na ce, Malama Kulu ta ce
kowane ɗigo gari ne guda,
cike da ƙwayoyin da ƙura ma giwa ce a gabansu,
kuma tsakaninsu akwai riƙo.
Wasu gaisuwar kan hanya suke yi,
yatsa ya taɓa yatsa, kowa ya kama gabansa.
Su ne turarenka, Baba:
ka cire murfi, kafin ka ƙirga canji
rabinsu sun kai Mabera.
Haka fetur ɗin Ɗan'ige na bakin titi,
galan a rufe, amma yana rama.

Zuma kuwa, kowace ta kama zanen 'yar'uwarta.
Ka karkata kwalba, sai sun yi shawara
kafin ɗaya ta yarda ta sauko.

Na ɗebo ruwa a randa, na kwantar da allura a kansa
a hankali, ban ko numfasa ba.
Ta zauna. Ƙarfe a kan ruwa!
Na ce, hannuwa ne suka haɗu a ƙarƙashinta,
irin waɗanda ke ɗauke ƙwaro a Gulbin Rima
ya yi ta yawo bai jiƙa ƙafa ba.
Na ɗiga man gyaɗa, ya dunƙule a sama shi kaɗai.
Ba gaba suke yi ba, na ce,
ruwa ne ya riƙe nasa har bai bar wa baƙo hannu ba.

Baba ya yi shiru.
Shekara talatin yana ɓoye turare daga rana,
ba wanda ya taɓa faɗa masa dalili.
Ya dubi bencin da Modi yake zama
kafin ya hau motar Fatakwal, damina uku ke nan,
ba waya, ba saƙo.

"Shi yayanki," ya ce, "turare na ko?"

Butar shayi na tafasa a kan gawayi.
Na ce, wuta ba ta fasa ƙwayar ruwa, Baba,
hannuwa kawai take raba su.
Tururi ruwa ne har yanzu.
In ya sami wuri mai sanyi...

Ban ƙarasa ba.
Ya ɗaga murfin butar, ya juya cikinsa sama,
ya daɗe yana kallon ɗigon da suka taru,
ɗaya yana gangarowa ya sami ɗaya.

Sai wata mata ta ce a auna mata zuma ta ɗari biyar.
Ya karkata kwalba,
muka tsaya mu uku muna jira.