Mai Zobe

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
akwai rumfar Usta Ɗanliti,
inda ƙarfe ke zuwa jinya.
Can na fara ganinta, shekarar da dawa ta yi albarka,
ni kuwa ƙusar tarakta ce ta kai ni.

Biyu ya shimfiɗa mini a kan buhu.
Ɗaya doguwa, bakinta kusurwa takwas,
ga nauyi kamar bashin suruki.
Ɗaya gajera, katakonta ya koɗe
daidai inda kuncin wani ya saba kwanciya.
Ya ce, kar ka zaɓa da ido,
ido ba ya ɗaukar kaya. Ɗaga ka ji.

Na ɗaga gajerar.
Na zura yatsu uku cikin zoben ƙarƙashinta,
na tura ƙasa, na jawo sama.
Ƙaras. Ƙwas.
Ciniki ya faɗa tun kafin in buɗe baki.

Buhun riɗi goma sha ɗaya ta ci,
ban da zirga-zirgar lasin,
wata huɗu ina gaida jami'in da bai taɓa ɗago kai ba.
Sittana ta ce da kuɗin nan an rufe ɗaki da kwano.
Gaskiyarta.
Har yau kusurwar gabas na yoyo.

Amma zo ka ga yadda take cin abinci.
Wata 'yar ƙofa ce a gefe, mai cizon babban yatsa,
kana tura harsashi, yana bin ɗan'uwansa
zuwa bututun ƙasa, su kwanta a jere
kamar awaki a lungun inuwa.
Shida. Ba ta neman ƙari.

Ranar Jumu'a bayan la'asar
mukan fita bayan gari, inda baƙar ƙasa ta tsattsage,
tudu a baya don ya tare abin da ya kuskure,
gwangwanayen tumatir a kan kututture.
Kwasau yakan zo da tasa mai madubi,
yana mini dariya: kai da tsohuwarka!
Shi yana kwance, yana lissafin iska,
ni ina tsaye, kafaɗa ta san wurinta.
Numfashi rabi. Kunama.
Gwangwani ya yi tsalle kamar an kira sunansa,
kwanso mai zafi ya tashi ta kan hulata,
warin albarushi ya gauraya da ƙamshin jabana
da yaron Kwasau ke dafawa a gindin ƙaya.

Ba kullum nake samu ba.
Akwai ranar da shida duka suka tafi gaida tudu,
na biya kuɗin gahawa ina murmushin dole.

Abin da nake so gare ta shi ne ba ta gaggawa.
Tsakanin harbi da harbi sai ta nemi hannuna,
ta tambaya: ka tabbata?
Bindigar da ke tambaya,
irinta ta yi ƙaranci a ƙasar nan.

Yanzu mun daina fita.
Makarantar unguwarmu cike take da mutanen Madani,
akwai yarinyar da ko murfin tukunya ya faɗi
sai ta shige ƙarƙashin gado.
Wa zai ƙara wa kunnenta kaya don gwangwani?
Harsasan suna akwati, makulli a wuyan Sittana.

Sai dai in dare ya raba,
nakan warware ta daga tsohon zane,
in ɗiga mata man keken ɗinki,
in goge katakon har ya ɗau hasken fitila.
In leƙa cikinta sau biyu, fayau.
Sannan a hankali, yadda ba zan tashi kowa ba,
in tura ƙasa, in jawo sama.

Daga kan gado Sittana ta ce, ba ta ko juyo ba,
in ka gama hira da ita,
ka matsar da bokitin, hadari ya haɗo.