Sarkin da Aka Ara wa Fuska

Tasalla ta dawo daga karatu a tsibirin Jawa
da hoto guda a tsakiyar littafinta.
Ta ajiye mini a teburin gyaran tukwane,
bayan gidan tarihi na Jos,
ruwan Agusta yana ta dukan kwano.

Ta ce, “Kawu, sarki ne.”
Na gyara tabarau. Ban ga sarki ba.
Dutse na gani zaune a kan furen bado,
ƙafa bisa ƙafa,
kunnuwa sun zubo har kafaɗa,
ido a ƙasa kamar suruki a gaban manya.
Hannun dama ya gangaro ta gwiwa,
yatsu na taɓa ƙasa,
wai ita yake kira ta yi masa shaida.

Na ce ina takobin? Ina maroƙan?
Ta ce sai da ya mutu aka sassaƙa shi,
aka ara masa natsuwar Budda,
aka bar masa sarƙar wuya da awarwaron damtse
don masu biyan haraji su gane nasu.

Shekara talatin da ɗaya ina liƙa fasassun kawuna.
Ga na yumɓu can cikin gilashi,
wanda masu haƙar kuza suka tono,
ido a huje, hanci a huje, baki a buɗe.
Shi bai sunkuya wa kowa ba,
kuma ba wanda ya san sunansa.
Davou mai gadi Baba yake ce masa,
yana gaishe shi kafin ya gaishe ni.

Ni masassaƙin nake tunani.
Ya san sarkin da ransa,
ya san tsawarsa, ya san giɓin haƙorinsa,
wataƙila ma an taɓa ƙwace masa gona.
Duk da haka ya zauna wata da watanni
yana goge fushi daga goshin dutse
har ya yi santsi kamar bayan ƙwarya.
Biyayya ce, ko yafiya,
ko kuwa gori ne a ɓoye:
ga yadda ya kamata ka kasance?

Tasalla ta duba agogo, motar Bukuru za ta bi.
Ta bar mini hoton.
Na jingina shi da kwalbar gam,
ya ci gaba da kallon ƙasa,
inda ɓaraguzan aikina suke zube.