Dokin da Ya Mutu a Shafi na Sittin

Kwana tara ruwa bai ɗauke ba a tsibirin Chiloé,
rufin kwano sai surutu yake kamar kasuwa.
Eleuterio Barría ya ajiye mini littafinsa
a leda, tare da dankali rabin buhu,
ya ce, "Malama Nolfa, ki bi shi da jan biron nan
da kika sha yi mini kaca-kaca da shi a aji huɗu."

Shafi ɗari uku da tamanin,
an buga a shagon da ke bayan coci.
Tawada ta ƙare wa injin a babi na goma
har dodon ya fito fari fat kamar mai jinya.

Na ƙara itace a murhu, na fara.

Jarumin maraya ne, to wa ya yi mamaki?
Takobinsa na walƙiya. Na ƙirga:
sau arba'in da ɗaya ya yi walƙiya,
har a kogo, har a cikin kube.
Sunayen mutane kuwa ƙaya ce a baki,
baƙaƙe bakwai, wasali ɗaya.
Na gwada kiran sarkinsu da ƙarfi
sai kyanwata ta bar mini ɗakin.

Doki ya mutu a shafi na sittin,
aka yi kuka, aka tona rami, aka yi jawabi.
Shafi na ɗari da sha biyu
ga shi yana kiwo abinsa, babu ko tabo,
ba wanda ya ce masa sannu da dawowa.

Wata ya yi sati uku a cike.
Kogin taswira ya taso daga teku ya hau dutse.
Rabin shekara suna tafe, ba wanda ya ji yunwa,
ba wanda takalmi ya ci wa ƙafa.
Budurwa mai kwari da baka idonta kore ne,
iyakar abin da na sani game da ita ke nan
bayan an faɗa mini sau sha tara.
Mugun ya kama yaron, wuƙa a maƙogwaro,
maimakon ya yanka sai ya gyara zama ya hau bayani,
shafi takwas, har shayina ya huce,
har masu ceto suka iso a tsanake.

"Kwatsam" a nan, "kwatsam" a can.
Baƙon da ke zuwa kullum ai ba ya firgita kowa.

Biro ya yi ta aiki, gefen takarda ya koma mahauta.

Sai shafi na ɗari biyu da bakwai.
Yaron ya tuna ubansa yana toshe kwalekwale,
yana cusa zare a tsagar katako da gindin cokali,
kwalta na tafasa a tsohon gwangwanin madara,
yatsun sun daskare don sanyi
har ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa,
ɗan ya ɓalle masa, ba wanda ya kalli wani.
Babu walƙiya. Babu kwatsam.
Layi goma sha huɗu.

Na san cokalin nan. Na san mutumin.
Ina bakin gaɓa ranar da teku ta ƙi dawo da shi.
Na rufe biro, na daɗe ina kallon wuta.

Ran Lahadi zai zo da ƙarnin kifin gona a rigarsa,
zai tsaya a ƙofa yana murza hula.
Dokin dole in faɗa masa, da watan, da kogin.
Takobin a rage masa haske, budurwar a ba ta baki.
Sauran ne ban san ta inda zan ɓullo ba.
Yaya ake ce wa ɗan shekara arba'in da shida,
wanda ya ba dodanni hunturu biyar na rayuwarsa,
littafinka yana cikin layi sha huɗun nan,
koma gaban gwangwanin ka zauna?

Wataƙila in fara zuba masa miya.
Dankalin nasa dai ba ya buƙatar gyara.